Amsoshin Wasiƙunku: Yaya Ƙungiyoyin Taimako Suke Tara Kuɗi Ta Wayar Salula?

 A wannan mako wasiƙu biyu muka haɗa wuri guda, domin duk daga kudancin Jihar Jigawa suka fito, kuma in ka karanta su sai ka ce masu su sun yi shawara kafin su ɗauki biro.

TAMBAYA: Ta farko ta zo ne daga wani mai sauraronmu a Birnin Kudu, wanda ya ce shi ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarsu. Bayan gaisuwa mai yawa, malamin cewa ya yi: "Muna da rijiyar burtsatse da ta lalace, ga kuma marasa lafiya da ake kawo mana kokensu kullum. Muna jin labarin ƙungiyoyi suna tara miliyoyi ta intanet, mu kuwa mun sa lambar asusu a Facebook, mako uku abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Don Allah ku bayyana mana yadda ake yi, kuma ina ne muka kuskure?"

Ta biyu kuma daga wata malamar makaranta ce a Gwaram. Ita tata tambayar gajeriya ce: "Kullum ana turo mana hoton mara lafiya da lambar asusu. Yaya zan gane na gaskiya da na damfara?"

AMSA: To Malam Sakatare, da ke Malama, mun gode da wasiƙunku. Bari mu fara da taka, Malam, tunda in an amsa ta an amsa rabin tata.

Da farko dai tara kuɗi don aikin jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gayya muka gada, da adashi, da karo-karon gyaran masallaci da maƙabarta. Waɗanda suka manyanta za su tuna zamanin ƙaddamar da asusun neman taimako a shekarun 1980 da 1990, lokacin da ake buga katin gayyata, a kafa rumfuna, a ɗauko babban mai ƙaddamarwa daga Kano ko Kaduna, sanƙira yana shelar abin da kowa ya bayar ana tafi. Ko Gidauniyar Jihar Kano ta tsakiyar shekarun 1980 da irin wannan taro aka kafa ta, kuma a lokacin Birnin Kudu da Gwaram duk cikin Jihar Kano suke, tunda sai a watan Agustan 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Wannan tsari yana da nasa ciwon kai. Kuɗin rumfa da abinci da lasifika sukan cinye wani kaso tun ba a fara ba, sa'an nan ga alkawarin baka, wanda za a yi wata shida ana sintiri gidan mai shi ana cewa Alhaji ya fita. Amma fa yana da abu guda mai ƙarfi, wato kowa yana ganin kowa. Mai bayarwa ya san wanda ya miƙa wa, mai karɓa kuma ya san gobe za su haɗu a masallaci.

Abin da wayar salula ta zo da shi shi ne sauri da nisa. Wayar ta shigo Nijeriya a 2001, tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ya fara a 2011, sa'an nan ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya tilasta wa har mai tireda da mai nama buɗe asusu a irin su OPay da PalmPay da Moniepoint. Yau mutumin Gwaram da ke dako a Legas zai iya turo naira 1,000 gida kafin ya gama shan shayi. Amma wancan ganin ido da ido wayar ba ta zo da shi ba. Shi sai ƙungiya ta nemo abin da zai maye gurbinsa, kuma a nan ne yawancin masu neman taimako suke faɗuwa.

Game da miliyoyin da kake jin labari, Malam, gaskiya ne ana tara su. Lokacin girgizar ƙasar Haiti a 2010, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara sama da dala miliyan 30 ta saƙon tes kawai, kowane saƙo dala 10, ana cirewa ta kamfanin waya. A 2014 aka yi wani yayi na kwara wa kai ruwan ƙanƙara a ɗauka a bidiyo a ƙalubalanci aboki shi ma ya yi, wanda ya kawo wa wata ƙungiyar yaƙi da ciwon shanyewar jijiyoyi a Amurka dala miliyan 115. Nan Afirka ma, a 2011 mutanen Kenya sun tara ɗaruruwan miliyoyin shilin don 'yan uwansu da fari ya shafa, kuma talakawa da yawa ta M-Pesa suka ba da nasu. Akwai kuma dandali na musamman da aka gina don wannan aiki, irin su GoFundMe da aka kafa a 2010, da LaunchGood da wasu Musulmin Amurka suka kafa a 2013. Yadda suke aiki shi ne, mai buƙata ya buɗe shafi, ya rubuta labarinsa, ya faɗi nawa yake nema, jama'a su biya da katin banki, kowa yana ganin jimlar tana hawa. Ba kyauta ba ne, a Amurka GoFundMe yana cire kusan kashi 3 cikin 100 na kowace gudummawa a matsayin ladan hada-hadar kuɗi.

To amma kada ka sa ranka a can. GoFundMe bai yarda wanda ke zaune a Nijeriya ya buɗe asusun neman taimako da kansa ba, sai dai wani da ke Ingila ko Amurka ko wata ƙasa da suka amince da ita ya buɗe, kuɗin su shiga hannunsa, shi ya turo. Ka ga an koma batun amana ke nan. Kuma ko an buɗe, Baturen da bai taɓa jin sunan Birnin Kudu ba, me zai sa ya zaɓi rijiyarku cikin dubban shafuka? Su kansu masu amfani da waɗannan dandali, yawancin abin da suke samu daga dangi da abokai da abokan abokai yake fitowa. Mu a ganinmu, kuskurenku na farko shi ne kun watsa lambar asusu a kasuwa, alhali masu ba ku suna cikin gida.

Kuɗin rijiyarku suna aljihun 'yan unguwarku da suka bar gari. Ma'aikacin da ke Dutse, da ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari ko Singa a Kano, da sojan da ke Maiduguri, da malamin jami'a, da wanda ya tafi ci-rani Abuja ko Fatakwal, da 'ya'yanku mata da aure ya kai wasu garuruwa. Waɗannan sun sha ruwan rijiyar, iyayensu kuma har yanzu da ita suka dogara. Birnin Kudu ma ta fi wasu garuruwan sa'a ta wannan fanni, domin ga Kwalejin Gwamnati da ta yaye mutane birjik, har da Alhaji Aliko Dangote, kuma tsofaffin ɗalibanta suna da ƙungiyarsu ta BIKOBA. Ba cewa muke ku tafi ku yi zaman dirshan a ƙofar attajirai ba. Abin nufi shi ne gari irin wannan yana da 'ya'ya a ko'ina, kuma abin da ke haɗa su yau shi ne zauren WhatsApp.

Shi ya sa a wannan yanki namu WhatsApp ya fi Facebook kawo kuɗi. Facebook wurin shela ne, zai sa a san da ku, amma mai karantawa yakan danna alamar so ya wuce abinsa. Zauren WhatsApp kuwa, wanda yanzu yake ɗaukar mutum har 1,024, kamar dandalin ƙofar gidan mai unguwa yake, kowa da lambarsa da sunansa. Yadda masu dabara suke yi shi ne su buɗe jeri: lamba 1, wane, naira 5,000, ya biya. Lamba 2, wance, naira 2,000, ta biya. Duk wanda ya tura sai ya sa rasit, ma'aji ya duba asusu ya tabbatar, a ƙara sunansa a sake turo jerin. In ka lura, sanƙiran nan ne na ranar ƙaddamarwa ya dawo cikin waya. Mutum ya ga sa'ansa ya bayar, shi ma sai hannu ya tafi aljihu. Wanda kuma ba ya son a ambaci sunansa sai a rubuta "wani bawan Allah", amma adadin dole ya fito a jeri.

Bari mu yi lissafi alal misali. A ce zaurenku yana da mutum 400, 150 daga ciki suka ba da naira 2,000 kowanne, an sami naira 300,000 ke nan. Mutum 10 masu ɗan hali suka ba da 20,000 kowanne, ga wata 200,000. An haɗa rabin miliyan ba a kafa rumfa ko ɗaya ba. Sai dai kafin a kai ga haka dole roƙon ya zama mai kai da gindi. "A taimaka wa ƙungiyarmu" ba roƙo ba ne. Ku kira mai gyara ya duba rijiyar ya rubuta abin da ya lalace da kuɗin kowane abu, ku ɗauki hoton takardar da na rijiyar da na yara a layin ruwa daga nesa, ku faɗi jimlar da ake nema da ranar da za a rufe karɓa. Mako biyu ya isa. Roƙon da ba shi da ranar rufewa kowa cewa yake sai ƙarshen wata. Kuma a haɗa da saƙon murya da Hausa, minti ɗaya ko biyu, daga bakin dattijon da aka sani, domin da yawa cikin masu bayarwa sun fi sauraro a kan karatu. Wata dabara kuma, kada ku buɗe jerin da sifiri. Shugabannin ƙungiya su fara sa nasu, ko a sami mutum biyu ko uku a ɓoye su yi alkawari tun kafin a yi shela. Ba mai son ya zama na farkon jefa kuɗi a ƙwarya wofi.

Yanzu sai batun asusu, wanda ba ka faɗa mana na wane ne kuka sa ba. In na mutum ɗaya ne, ko da shi ne mafi gaskiya a unguwa, to ga kuskure na biyu. Kuɗin jama'a in suka cakuɗe da na cefane, ko ba a ci ba za a ce an ci, kuma mai asusun ba shi da yadda zai wanke kansa. In ta Allah ta kasance a kansa, kuɗin sun shiga cikin gado, sai an kai ruwa rana kafin su fito. Ga kuma wata matsala da mutane ba su cika sani ba: asusun matakin farko, irin wanda ake buɗewa da lambar waya cikin minti biyar, yana da iyaka, ba ya riƙe sama da naira 300,000. Ana tsakiyar karɓar gudummawa sai kuɗi su fara komawa wa masu su, ko asusun ya tsaya cak sai an kai ƙarin takardu.

Hanyar da ta dace ita ce ƙungiya ta yi rajista. A matakin tarayya Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ita ke yi wa ƙungiyoyi masu zaman kansu rajista a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, inda za ku gabatar da tsarin mulkin ƙungiya da sunayen amintattu, a kuma buga sanarwa a jarida ko akwai mai ja. Bankuna kan nemi wannan takarda, da kuma ta SCUML, wani sashe na hukumar EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, kafin su buɗe asusu da sunan ƙungiya. Abin yana cin kuɗi da lokaci, ba mu ɓoye muku ba. Kafin ku kai can, ku yi rajista da ƙaramar hukuma da ma'aikatar jiha mai kula da ƙungiyoyi, ku je banki ku nemi asusun haɗin gwiwa wanda kuɗi ba sa fita sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu. Kuma kada ma'aji da shugaba su zama 'yan gida ɗaya. A tuna kuma banki yana da 'yan kuɗaɗen da yake cirewa, har da harajin naira 50 a kan kuɗin da suka kai naira 10,000, ga ladan mai POS in za a ciro. A rubuta su duka, domin irin waɗannan 'yan canjin ne suke sa lissafi ya ƙi daidaita ranar taro, a fara kallon-kallo.

Abu na uku, wanda ya fi duk sauran, shi ne komawa a ba da bayani. Yawancin ƙungiyoyinmu sun iya roƙo, amma da kuɗi sun shigo sai ka ji tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Wanda ya ba da 2,000 daga Legas bai ga rijiya ba, bai ga mai gyara ba, abin da zai gani kawai shi ne abin da kuka turo masa. To ku turo masa takardar banki mai nuna shige da fice, da rasit ɗin kayan da aka saya, da bidiyon ruwa yana zuba. In an sami rara a faɗa, a tambayi zaure me za a yi da ita. In kuɗin ba su isa ba ko mai gyara ya yi ha'inci, shi ma a faɗa. A lokacin zanga-zangar EndSARS ta watan Oktoban 2020, wata ƙungiyar mata mai suna Feminist Coalition ta tara kusan naira miliyan 148 cikin 'yan makonni, kuma ko mutum yana goyon bayan zanga-zangar ko ba ya yi, ya san abin da ya sa kuɗi suka yi ta shigowa: kusan kullum sai sun buga abin da ya shigo da abin da ya fita. A Kano kuma ga marubuciya Fauziyya D. Sulaiman, wadda ta yi suna wajen tara wa marasa lafiya da mabuƙata taimako ta Facebook, har gwamnatin jihar ta ba ta muƙami a wannan fanni a 2023. Ba rana ɗaya aka fara tura mata kuɗi ba, shekaru ta yi ana ganin inda suke zuwa. Ƙungiyar da ta ba da bayanin aikin farko, aiki na biyu ba ta shan wahalar roƙo.

Af, wani abu da labarin EndSARS ya koyar: a tsakiyar tara kuɗin an toshe musu hanyar karɓa ta banki, sai da suka koma kuɗin intanet na bitkoyin. Haka kuma gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Dandalin nan duk na wasu ne, ana iya rufewa, ana iya sace shafi. Saboda haka, Malam Sakatare, ka sayi littafi mai bango, ka rubuta sunan kowane mai ba ku gudummawa da lambarsa da garin da yake. Ranar da waya ta faɗa ruwa za ka gode mana.

To Malama ta Gwaram, mun zo kanki. Gaskiya ne 'yan damfara sun shiga wannan harka, kuma sun fi masu gaskiya iya tsara magana. Sukan ɗauko hoton mara lafiya na shekarun baya, wani ma ya warke ko ya riga mu gidan gaskiya, wani daga wata ƙasa, su liƙa lambar asusunsu. Wani lokaci ma roƙon na gaskiya ne, amma a hanya wani ya goge lambar asusun ya sa tasa ya ci gaba da turawa. Wannan ya fi muni, domin ko kin bincika za a ce miki lallai akwai mara lafiyan.

Ki duba abubuwa kamar haka. Shin an faɗi asibitin da yake kwance da ɗakin da yake? An faɗi ranar da aka rubuta roƙon? Saƙon da ba shi da kwanan wata zai iya shekara uku yana yawo. In kin sa lambar asusun, sunan da ya fito ya dace da wanda aka rubuta? In bai dace ba, mene ne haɗin mai asusun da mara lafiyan? Akwai lambar da za a kira a ji muryar mutum? Sa'an nan ki tambayi wadda ta turo miki: ke kin san su, ko ke ma turo miki aka yi? Sau da yawa a nan zance yake ƙarewa. Ki kuma yi hattara da mai gaggawa, wanda zai ce in ba a biya kafin la'asar ba shi ke nan. Rashin lafiya yana zuwa da gaggawa, haka ne, amma mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Ku mutanen Gwaram da Birnin Kudu kuna da wata dama da mutumin Legas ba shi da ita, wato kusanci. In an ce mara lafiya yana Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko babban asibitin wani gari kusa, ai ba a rasa ɗan uwa ko tsohon ɗalibi da zai leƙa ya gani da idonsa. In an ce daga wani ƙauye yake, mai unguwa ko limamin wurin ya san shi. Mafi kyau ma, in kuɗin aiki ne ko na magani, a biya kai tsaye a wurin biyan kuɗi na asibiti a karɓi rasit da sunan mara lafiyan, maimakon a damƙa wa wani a hannu. Ƙungiyoyin da suka san aikinsu haka suke yi, kuma yana kare su daga zargi, yana kare dangin mara lafiya daga jarrabawar kuɗi a lokacin da suke cikin ruɗu. Su kuma masu karɓa, su yi hankali da rasit na bogi. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, sai an duba asusu an gani.

Akwai wani abu da ke damunmu, wanda ba ku tambaya ba amma sai mun faɗa. Don a sosa zuciyar jama'a, sai ka ga an kware wa mara lafiya sutura an ɗauki ciwonsa, ko an jera marayu an sa su kuka gaban kyamara, ko an ɗauki fuskar dattijuwa tana karɓar mudun shinkafa. Kuɗin za su ƙare cikin mako guda, hoton kuwa yana nan har yarinyar ta isa aure. Talauci bai cire wa mutum mutunci ba. A nemi izininsa, in yaro ne a nemi na iyayensa, a rufe fuska in ba dole, takardar likita da shaidar mutanen kirki sun isa hujja. Wanda ba zai bayar ba sai ya ga tsiraicin ɗan uwansa, a bar shi da kuɗinsa.

Sa'an nan a sani ba kowace buƙata ce waya take iya ɗauka ba. Abin da ya zo da firgici shi ke samun kuɗi. Mutanen Gwaram ba su manta da watan Agustan 2021 ba, lokacin da ruwa ya karya gada a hanyar Basirka mota ta afka, mutum 21 suka rasu. Ga ambaliyar 2022 da ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, ga gobarar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150. A irin waɗannan ranaku hannun jama'a a buɗe yake, manya da ƙanana. Amma albashin mai gadin rijiya, da allin makarantar Islamiyya, da maganin mai ciwon suga da zai sha har ƙarshen rayuwarsa, waɗannan ba su da hoton da zai girgiza kowa. Haka kuma ƙauyen da ba sabis, ko gidan da ba mai babbar waya, kukansu ba ya isowa zaure sam, alhali wataƙila sun fi kowa buƙata. Maganin wannan shi ne karo-karon wata-wata, ko naira 500 ce, wanda ba ya jiran sai wani abu ya faru, da kuma wakilai a ƙauyuka masu kawo labari da baki. Kada kuma roƙo ya yi yawa. Zauren da ake buɗe sabon jeri kowace safiya, ba a jimawa mutane suke kashe masa ƙara.

Game da zakka, tunda mun san za a tambaya: Birnin Kudu da Gwaram duk a Masarautar Dutse suke, wadda ta daɗe da kwamitin zakka mai rassa a gundumomi, tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi. Zakka tana da waɗanda aka ƙayyade a ba, ba kowane aiki take shiga ba. In wani ya turo muku kuɗi ya ce zakka ce, ku ware ta daban, ku tambayi malamai ko ku haɗa kai da kwamitin gundumarku, kada ku zuba ta cikin kuɗin gyaran famfo.

Abu ɗaya da za mu ce ku nisanta shi ne shelar tara kuɗin fansa. A watan Janairun 2024 an yi irin wannan a kafofin sada zumunta saboda wasu 'yan gida ɗaya da aka sace a yankin Bwari na Abuja, har Ministan Tsaro na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, wanda tsohon gwamnanku ne, ya fito ya yi gargaɗi a kai. Ba wanda zai ga laifin iyayen da ke neman ceton 'ya'yansu, amma masu garkuwar su ma suna da waya, kuma suna karanta jimlar da ake bugawa.

Malam Sakatare, in kun gyara rijiyar a rubuto mana nawa aka tara da kwana nawa aka ɗauka, za mu karanta a wannan fili. Malama kuma, a gaida ɗalibai.